Gyambon da Ba Ya Zafi: Nasiha ga Jama'ar Maiduguri a Kan Sankarar Baki



Yana daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi mana, cewa addininmu ya sanya tsarkin baki cikin ibada, ta yadda Musulmi ba ya wuni bai kurkure bakinsa a alwala ba, kuma asuwaki sunna ce mai ƙarfi wadda malaman fiƙihu suka yi dogon bayani a kan falalarta. Amma duk da wannan kusanci da ke tsakaninmu da bakunanmu, ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa gaban madubi suka ɗaga harshe domin su ga abin da ke ƙarƙashinsa, balle su kai kansu wurin likitan haƙori alhali babu abin da ke musu ciwo. Wannan gafala ce nake so mu yi nazari a kanta, domin a cikinta sankarar baki take samun sararin girma.

Ita wannan cuta, wadda jama'a suka fi sani da ciwon daji, tana kama leɓe, ko harshe, ko dasashi, ko cikin kumatu, ko ganɗa. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 kusan mutum 390,000 ne suka kamu da ita a faɗin duniya, fiye da 188,000 kuma suka rasu ta sanadinta. Babban sababinta taba ce ta kowace fuska, sigari ce, ko shisha da ta yaɗu cikin samarinmu, ko garin taba da dattawa ke matsawa a bayan leɓe. Sai giya, sai kuma ƙwayar cutar HPV, wadda ta fi taɓa can ciki wajen maƙogwaro. Sai dai tana iya samun wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, saboda haka kada kowa ya ɗauki kansa kuɓutacce, kada kuma a munana zato ga wanda Allah Ya jarrabta.

Makircin wannan cuta shi ne, a farkon al'amarinta galibi ba ta zafi. Takan fara da ɗan gyambo wanda ya ƙi warkewa, ko farin tabo ko ja wanda ba ya kankaruwa, ko ƙulli a harshe ko a wuya, ko haƙori ya soma girgiɗa ba dalili, ko wani sashe na baki ya mutu mutum ya daina jinsa. Mu kuwa mun saba auna cuta da raɗaɗinta, sai mu ce ai zafin ciki ne, ko haƙori ne ya ciji wurin, mu nemi ɗan magani a kemis, mu kurkure da ruwan gishiri ko kanwa, watanni su shuɗe. Wanda bakinsa kullum ke rine da goro kuwa, da wuya ma ya lura da jan tabon. Ƙa'idar da likitoci suka shimfiɗa mai sauƙi ce: duk gyambon baki da ya kai mako 3 bai warke ba, wajibi ne idon likita ya gan shi.

Akwai kuma wata magana da ta yi jijiya a zukatan mutanenmu, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi a asibiti sai ya fusata. Wallahi wannan zance ya jawo asarar rayuka masu yawa. Haƙiƙanin abin da ke faruwa shi ne, ba a kai majinyaci asibiti sai cutar ta ci ƙarfinsa, ta bi jijiyoyin wuya ta bazu, har ba ya iya buɗe baki ko haɗiye kunu. Idan ya cika bayan 'yan makonni, sai a ɗora laifin a kan wuƙar likita, alhali jinkiri ne ya yi ɓarnar. Ɗan yankin tsoka da likita ke ɗauka ya aika ɗakin gwaji shi ne kaɗai hanyar tabbatar da ko sankara ce ko ba ita ba ce, kuma sau da yawa sakamakon yakan nuna ba ita ba ce, hankalin mutum ya kwanta. A Amurka, cikin waɗanda aka gano cutar kafin ta bar mazauninta, fiye da 80 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, amma idan ta riga ta kai gaɓoɓi masu nisa, adadin ba ya kai rabi.

Mu mutanen Maiduguri ba mu da uzurin nisa. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a kan titin Bama, da sashensa na haƙori da tiyatar fuska da muƙamuƙi, inda majinyata ke tahowa tun daga Biu da Monguno da Damaturu, har da Diffa da Chadi da Kamaru. Kuma jami'ar garin nan tana yaye likitocin haƙori daga cikin 'ya'yanmu. Na sani sarai shekarun rikici da ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumbar 2024 sun bar jama'a cikin ƙunci, mai neman na cefane ba ya tunanin kuɗin katin asibiti. Amma dai duba baki aikin 'yan mintoci ne, da fitila da ɗan madubi da yatsun likita, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar abin da tiyata da gashin sankara ke ci ba, waɗanda kan sa iyali su sayar da gona da dabbobi.

Malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Saboda haka ina roƙon kowane magidanci ya sanya wa kansa da iyalinsa ziyarar likitan haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da lafiya lau ake, musamman dattijon da ya daɗe yana ta'ammali da taba. Ina kuma roƙon limamanmu da alarammomin tsangayu da bulamomin unguwanni, daga Gwange zuwa Bulumkutu, su isar da wannan ga waɗanda ba sa karatu a waya, wanzamai da masu kemis kuma su ji tsoron Allah su tura duk mai gyambon da ya daɗe zuwa asibiti, kada su riƙe shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon kula da amanar jikinmu. Amin.