Dattijon da ya ce bana ce

A watan Fabrairu na 2016 sanyi bai saki birnin Shikago ba, amma wani dattijo ɗan shekara 80 ya riga ya kakkaɓe shuɗiyar hularsa ta Cubs. Ita ce ƙungiyarsa a besbol, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da kulki. Duk wanda ya gaishe shi amsa guda yake samu: bana ce!

Maƙwabta suka yi murmushi, don kuwa bara ma haka ya faɗa. Rabon Cubs da kofin World Series tun 1908. Mahaifinsa ya tsufa a kan bencin filin Wrigley, har ya kwanta dama bai ga dawowar kofin ba.

Sai dai a wannan karo tsohon yana da hujja. A 2015, ƙarƙashin mai horarwa Joe Maddon, samari irin su Kris Bryant da Anthony Rizzo sun ci wasa 97 cikin 162. New York Mets ta lallasa su sau 4 a jere ta fitar da su, shi kuwa ya ce ƙuruciya ce kawai. Ga shi an ƙaro gogagge, Ben Zobrist. Abin da ba ya faɗa wa kowa shi ne, matakalar filin ta fara gagarar gwiwoyinsa, kuma jiran baɗi ya soma ba shi tsoro.

Ranar 2 ga Nuwamba, a wasa na 7, Cubs ta doke Cleveland da ci 8 da 7. Washegari da sassafe ya kai hular nan kabarin mahaifinsa.