RUBUTUN MAKO: Aljanun Mai Goge



Mu da muka tashi a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mun san abin da ake faɗa idan mai goge ya gwanance: wai iskoki ne ke riƙe masa hannu. Da yake goge ya daɗe yana tafiya da bori, zancen bai sha wahalar shiga kunne ba.

Irin wannan jita-jita ta bi wani Bature ɗan Italiya, Niccolò Paganini, wanda aka haifa a Genoa a 1782, ya mutu a 1840. Ya ƙware a gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, har aka riƙa yaɗa cewa ya sayar wa Shaiɗan ransa. Sai dai shi ya bar shaidar inda gwanintar ta fito. A 1820 aka buga darussansa guda 24 a birnin Milan, waɗanda ake kira Caprices, na mai goge shi kaɗai ba tare da rakiyar wani kiɗa ba. Kowane darasi da irin wuyarsa. A na farko, izga za ta riƙa tsalle tana tsallaka tsirkiyoyi huɗu cikin sauri. A wasu, sai an goga tsirkiya biyu lokaci guda. A na ƙarshe akwai gurbin da yatsun hagu, masu danna tsirkiya, su ne kuma za su riƙa tsinkarta. Har gobe ɗalibai na shafe shekaru suna fama da su.

Namu gogen ma ba kanwar lasa ba ne. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, da tsagiya ɗaya tak ta gashin wutsiyar doki, an ɗora ta bisa jaki, ana shafa wa izga ƙaro don ta kama. Ba a danne tsagiyar har jikin sanda, taɓa ta kawai yatsu ke yi, kuma babu alamar da ke nuna inda za su sauka. Kunne ne malami. Da haka Garba Liyo da Audu Yaron Goge suka sa goge yin magana, ya bi hawa da saukar muryar Hausa har mutum ya gane takensa. Haka Ibrahim Na Habu, Garba Supa da Hassan Wayam suka yi da kukuma. Duk wanda ya ce aljanu ne, ya cinye musu gumin shekarun da suka yi suna goga babu mai tafa musu.

Abin da ke damunmu shi ne, darussan Paganini na kan takarda, namu kuwa a yatsun tsofaffi suke. Yaro kan koya ne ta bin ubangidansa wuraren biki, yana kallo yana saurare. Yau 'yan bindiga sun sa taron dare ya yi wuya a ƙauyukanmu, iyalai da dama sun yi gudun hijira, matasa kuma sun koma kiɗan kwamfuta a sitidiyo. Tsoho ɗaya ya kwanta dama, darussansa sun bi shi kabari.

Ko mene ne ra'ayin mutum kan kiɗa, wannan tarihinmu ne, kuma alƙalami na hannunmu. Wanda ya san mai goge ko mai kukuma a garinsu, ya je ya gaishe shi, ya ce: "Baba, wane take aka fara koya maka? Yaya ake riƙe izga? Wane sashe ya fi ba ka wuya?" Ya ɗauki murya a waya, ya rubuta da kalmomin tsohon. Wataƙila a nan mu ma za mu ji kunyar kiran rubutu baiwa, alhali shafi ɗaya ba mu iya sake gogewa sau uku.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu, amin.