Ƙarfen da ke cikin Algol

1/ Jama'a, maƙerin Madobi da launin ƙarfe yake gane zafin wuta. Masana taurari ma ƙarfe suke tambaya.

2/ Algol, wadda Larabawa ke kira Ra'asul Gul, tana da taurari biyu masu kewaya juna cikin kusan kwana 3. A 1997 kumbon BeppoSAX ya hango wuta ta ɓarke can.

3/ Zafi ya kai miliyoyin digiri. Ƙarfe ya zubar da elektiron 24 cikin 26, yana fitar da hasken eksire a 6.7 keV. Da wannan layin ake gane zafin.

4/ Abin da ya tsaya mini a rai: irin ƙarfen fartanyata ne fa!

5/ Daren hunturu in an ɗauke wuta, ku dubi arewa. Ido yana ganinta.