Mai Kaya da Mai Sikeli: Gasar Manyan Kamfanoni a Idon Kudancin Kano

Kwanar Ɗangora mararraba ce a kan hanyar Kano zuwa Zariya. A nan titi yake rabuwa biyu, ɗaya ya miƙe zuwa Zazzau, ɗaya ya karkata ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya shiga ƙasar Doguwa, ya nufi Jos. Yanki ne na masara da shinkafa da rake, kuma ba kasafai ake ambaton Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ba idan ana zancen Google da Meta da Huawei. Duk da haka, da wuya a sami rumfar kasuwa a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu da babu wayar Tecno ko Itel a cikinta. Manomi kan tambayi farashin buhu a Dawanau ta WhatsApp kafin ya sallama wa dillali, mai POS kuwa ya zama bankin ƙauye tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Ke nan faɗan da manyan kamfanonin fasaha suke yi da juna, da wanda gwamnatocin Amurka da Sin suke yi a madadinsu, ya iso har wannan ƙasa. Mutanenta kuma ba baƙin irin wannan faɗa ba ne. Sun gan shi a gyaɗa da kuza da shinkafa, kuma kowane karo darasin ɗaya ne: mai kaya daban, mai sikeli daban.

Labarin gyaɗa daga Bebeji ya kamata a faro shi. Garin zango ne na fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa waɗanda fatauci ne gadonsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, burin Turawa shi ne auduga saboda masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi, suka zaɓi gyaɗa. Daga 1912 kamfanoni suka yi ca a kan birnin, irin su Niger Company da John Holt da na Faransawa, kowa yana neman ya fi ɗan'uwansa tara kaya. Ba su san ƙauyuka ba, ba sa jin harshen mutane, don haka tilas suka nemi fataken da suke da jari da yara da amana a karkara. Ɗantata ya zama babba a cikinsu, ya fara saya wa Niger Company a 1918. A waɗannan shekaru manomi ya ɗanɗana daɗin gasa, domin masu saye da yawa ne suke zawarcin buhunsa, wani ma ya ba shi kuɗi tun kafin kaka.

Daɗin bai daɗe ba. A 1920 kamfanin Lever Brothers ya saye Niger Company, a 1929 kuma aka haɗe shi da babban abokin hamayyarsa, African and Eastern Trade Corporation, aka sami UAC. A shekarar ce kasuwar duniya ta karye, farashin amfanin gona ya zube, masu saye suka ragu zuwa 'yan tsiraru waɗanda daidaitawa tsakaninsu ta fi musu riba a kan tsere. A 1937 manyan kamfanonin suka ƙulla yarjejeniyar sayen koko, har manoman ƙasar da ake kira Gana a yanzu suka ƙi sayar da kayansu na tsawon watanni. Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ta gwamnati ta karɓi sikelin, tana yanke farashi ƙasa da na kasuwar duniya, tana ajiye rarar. An yi ayyukan raya ƙasa da wannan rara, babu musu, amma ba a taɓa tambayar wanda ya yi noman nawa zai sayar ba. Dalar gyaɗa ta zama abin alfaharin Kano, a gonakin Kiru kuwa lamarin ya kasance kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Riruwai, hedikwatar Doguwa, ta ga nata salon. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suna narka kuza, suna fitar da dalma, fatake suna kai ta kasuwanni. Mulkin mallaka ya mayar da haƙar kuza sana'ar kamfanoni, 'yan ƙasa suka koma leburori, farashi kuma a Landan ake yanke shi. A watan Oktoba na 1985 majalisar ƙasashen da take tallafe da farashin kuza ta kasa biyan bashin da ke kanta, kasuwar ta rushe, ramuka da dama a Arewa suka zama kufai. Babu leburan da aka yi shawara da shi. Abin lura a nan shi ne, da wannan ƙarfe ake liƙa ƙananan sassan da ke cikin kowace waya da kwamfuta a yau. Jikan mai haƙar kuza yana sayen wayar da aka ƙera a Sin, a cikinta akwai irin abin da kakansa ya haƙo, ribar sarrafawa kuwa ta tsaya a can.

Shinkafa ita ce ta koya wa yankin abin da dokar ciniki take nufi. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a ƙasar Bebeji a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta buɗe wa kudancin Kano noman rani. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya daina ba wa masu shigo da kaya iri 41 kuɗin waje, har da shinkafa da tumatirin gwangwani. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe su ba sai Disamba na 2020. Shinkafar gida ta yi daraja, injinan casa suka yawaita, kasuwar Tudun Wada ta cika da manyan motoci, matasa suka koma fadama. Sai ga shi a watan Oktoba na 2023 an ɗage wancan takunkumi, a Yuli na 2024 kuma gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na kwana 150. Mai saye a birni ya sami sauƙi, kuma yunwa ba abin wasa ba ce. Amma manomin da ya ci bashin taki da tsada bisa lissafin tsohuwar doka, a ƙarƙashin sabuwa ya girbe. Kare kasuwar gida yana da hujjarsa, buɗe ta ma yana da tasa. Abin da ba shi da hujja shi ne dokar da take sauyawa tsakanin shuka da girbi.

Wanda ya san waɗannan labarai uku ba zai sha wahalar gane na wayar salula ba. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, layi kansa dubban nairori ne, kira kuma naira 50 a minti, ko da daƙiƙa goma mutum ya yi magana. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran suka bi sahu cikin ƙanƙanin lokaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsaga ce talaka ya mallaki layi. A watan Janairu na 2025 kuwa, bayan kamfanonin sun haɗa baki wajen roƙo, hukumar sadarwa ta amince musu su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, dukkansu a lokaci guda. Haka ma zancen wayar kanta. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ya ƙwace kasuwar Afirka daga hannun Nokia da Samsung da waya mai layi biyu da batir mai daɗewa, abin da ya dace da ƙauyen da wuta ba ta zama. To amma Tecno da Itel da Infinix duk nasa ne; mai saye yana ganin yana zaɓe tsakanin kamfanoni uku, alhali aljihu ɗaya kuɗinsa yake shiga. Manhajar da ke tafiyar da manyan wayoyin kuma, wato Android, ta Google ce. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, sababbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google. Wato wayar da ke aljihun manomin Tudun Wada gangar jikinta daga Sin take, ruhinta daga Amurka, kuma sa hannu ɗaya a Washinton yana iya sauya abin da take iyawa.

Ra'ayoyin da ake ji a majalisun yankin game da waɗannan kamfanoni sun kasu uku. 'Yan kasuwa da matasa yabo suke yi, domin waya ta karya sirrin dillali, ta kuma kawo ciniki daga nesa ba tare da an biya ko sisi ba. Iyaye da malamai kuwa tarbiyya ce damuwarsu, musamman abin da yara suke kallo a TikTok. Kashi na uku suna son gwamnati ta nuna ƙarfi, suna kafa hujja da tarar dala miliyan 220 da hukumar kare gasa da masu saye ta ci kamfanin Meta a Yuli na 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, wadda kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar a Afrilu na 2025. Kowane kashi yana da gaskiyarsa, kowane kuma akwai abin da ya tsallake. Masu yabo sun manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Kyautar manhaja tamkar kuɗin da ake ba manomi ne kafin kaka, da bayanansa da lokacinsa zai biya. Masu kukan tarbiyya suna kallon abin da aka nuna, ba sa tambayar na'urar da take zaɓen abin da za a nuna wa kowane yaro, alhali ita ce sikelin. Masu kiran gwamnati kuma ya kamata su tuna dakatar da Twitter daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, wanda ƙananan masu talla suka ji a jikinsu, su kuma tuna 1949: hukuma ta karɓe sikeli daga hannun kamfani ba yana nufin ya dawo hannun mai kaya ba.

Akwai wata haja da ba a cika lissafa ta ba, ita ce kuma ta fi shafar masu nazarin Hausa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disamba na 2013, Facebook ya fara magana da Hausa a 2016. Yanzu kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna tseren tara rubutu da murya a harsunan da suke da miliyoyin masu magana. Harshe ya zama gyaɗar wannan zamani. Ana kwasar sa daga jaridu da gidajen rediyo da hirarrakin shafukan sada zumunta, a sarrafa shi a waje, a dawo da shi cikin manhaja. Abin da ya dawo kuwa da mudunsu aka aune shi. Yawancin Hausar intanet ba ta da haruffa masu lanƙwasa, ba ta bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Kaso mai tsoka nata fassarar labarai ce daga Turanci, da ginin jimlar Turanci. Kalmomin manomin Doguwa da na masuncin Tiga da na mai haƙar kuza a Riruwai ba su shiga buhun ba, haka ma na ayarin Bebeji, irin su madugu da jagaba da uban dawaki. Ɗalibin da ya tashi yana tambayar na'ura zai ɗauka Hausarta ita ce daidaitacciya, abin da ba ta sani ba kuma ya ɗauka ba Hausa ba ne.

A nan ne tarihin Ɗantata yake da amfani. Bai je gaban kamfanonin Turawa hannu rabbana ba. Ya je da jarin goro da yaransa da sanin hanya, abubuwan da suke buƙata ba su kuma da su, shi ya sa ya iya yin ciniki da su. Fagen nazarin Hausa ma yana da jarinsa: ƙamusun Bargery na 1934, na Abraham na 1949, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kundayen digiri da suka taru a Kano da Zariya da Sakkwato, kaset-kaset na waƙoƙin baka, da rubuce-rubucen ajami. Mafi yawansu suna kan kanta, ƙura tana cin su. Idan kowane sashe ya sayar da nasa shi kaɗai, ko ya bari aka kwashe kyauta, makomarsa ta manomin da ya kai buhu ɗaya gaban sikelin UAC ce. Abin da ya fi shi ne jami'o'in su haɗa rumbu ɗaya a ƙarƙashin ikonsu, da rubutattun sharuɗɗa a kan wanda zai ɗiba, da ambaton tushe, da rabon marubuta da al'ummomin da aka naɗi muryoyinsu. Su kuma tsara ma'aunin da za a riƙa gwada Hausar kowace na'ura da shi, a bayyana sakamakon ga jama'a, domin wanda ya mallaki ma'auni shi ne mai sikeli.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Mai kaya yana iya gindaya sharaɗi ne kawai a lokacin da masu saye suke tsere da juna, kuma a yau suna tseren. Tsakanin 1912, da kamfanoni suka yi ca a kan gyaɗar Kano, da 1929, da manyansu suka zama ɗaya, shekara 17 ce kacal. Babu tabbacin cewa gasar kamfanonin fasaha a kan harshen Hausa za ta kai haka.