Wasiƙa Zuwa ga Malam Sani: Awon Abin da Ido Bai Gani Ba

Malam Sani,

Yaya fama da ɗalibai?

Na karanta kukanka cewa yara sun haddace dokar karo, amma ba su ga amfaninta ba. Sun san ƙarfin tafiya shi ne nauyin abu a ninka da gudunsa, sun kuma san jimillarsa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa idan abubuwa biyu suka yi karo. To, don Allah ka ba su labarin James Chadwick, domin ni shi ya sa wannan doka ta shiga raina.

A farkon 1932, a Faris, Irène Joliot-Curie da mijinta Frédéric suka lura cewa idan aka harbi sinadarin beriliyam da ƙwayoyin alfa, wani abu marar caji yana fitowa, har yana fatattako furoton daga cikin kakin farafin. Suka ɗauka hasken gama ne. Chadwick, a ɗakin binciken Cavendish da ke Kambirij a Ingila, hankalinsa bai kwanta ba.

Dubi dabarar da ya yi. Ya sa wannan baƙon abu ya bugi ƙwayar haidirojin, ya kuma bugi ta naitirojin, wadda ta ninka ta haidirojin nauyi sau 14, sannan ya auna gudun da kowacce ta fita da shi. Ta haidirojin ta fi gudu kusan ninki bakwai. Da ya gwada lissafin da hasken gama, sai ya ƙi daidaita: ƙarfin da ake bukata a karon farko daban, na biyu daban. Da ya ƙaddara cewa ƙwaya ce mai nauyi kusan daidai da na furoton, sai komai ya zauna daram. Haka aka gano nutiron, kuma a 1935 aka ba shi kyautar Nobel.

Yaranka sun san snuka. Ƙwallo in ta bugi 'yar'uwarta mai nauyi ɗaya gaba da gaba, takan miƙa mata kusan duk gudunta. In da mai nauyi ƙwarai ta tarar, kaɗan za ta motsa ta. Abin da Chadwick ya karanta ke nan, sai dai shi bai taɓa ganin ƙwallon da ta yi bugun ba. Daga gudun waɗanda aka buga ya auna nauyinta.

Ka rubuta musu lambobin a allo: nauyin baƙon a haɗa da 14, a raba da nauyinsa a haɗa da 1, amsa kusan bakwai. Bar su su nemo nauyin da kansu. Wanda ya samo kusan ɗaya, ya bi sawun Chadwick da alƙalaminsa.

Ka rubuto min yadda suka karɓi labarin. Ka gaishe min da Hajiya da yara.

Naka amini,
Bala