Sauri Ya Haifi Nawa: Sayen Kwamfuta a Ƙasar Zafi

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake Kalgo a kan hanyar Bunza, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin ɗalibai da iyayensu: i5 za a saya ko i7? Mai tambayar yana ganin amsar a fili take, tunda bakwai ta fi biyar, kuɗi ne kawai ke shiga tsakani. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. A gidaje da yawa sai an sayar da buhunan shinkafa ko an kai sa kasuwa kafin laftof ta shiga jakar ɗalibi, kuma ana sa ran ta kai shi har ranar da zai miƙa kundin kammala karatu. Ni ma ana yi mini wannan tambaya, domin a danginmu duk mai yawo da kwamfuta an ɗauke shi masani. Amsata ita ce, kafin a duba lambar da ke manne a jikin na'urar, a fara duba wata lamba da babu ɗan kasuwar da ke ambatonta, wato 35.

Kamfanin Apple ya rubuta a bayanin kwamfutocinsa na MacBook cewa an yi su ne don aiki a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 35 a ma'aunin Salsiyas. Wanda ya buɗe littafin Dell ko HP ko Lenovo, a mafi yawan samfura iyakar da zai tarar ke nan. Duk wanda ya yi Maris da Afrilu da farkon Mayu a Kebbi kuwa ya san zafi yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki, kuma ɗakin da aka rufa da kwano babu silin ya fi waje tsanani da azahar. Wato kusan wata uku a shekara muna sa waɗannan na'urori aiki a yanayin da masu ƙera su ba su yi alkawarin komai a kansa ba.

Inda zafin ke fitowa

Furosesa, guntun da ke yin lissafin komai a cikin kwamfuta, bai fi farcen babban yatsa ba da yawa. Duk wutar da ya sha, zafi take komawa. Masu shekaru irin nawa za su tuna ƙwan lantarki na da, mai wat 40 ko 60, wanda ba a iya taɓawa in ya yi minti biyar a kunne. Furosesa mai ƙarfi yana fitar da kwatankwacin wannan zafi daga wuri mai faɗin farce, a cikin akwatin da kaurinsa bai kai na littafin karatu ba. Don a raba shi da zafin ne aka sa bututun jan ƙarfe da ke janye shi zuwa wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, fanka kuma tana hura iska ta tsakaninsu.

Sai dai fanka ba ta da sanyin kanta, iskar ɗakin da aka ajiye ta take ara. Galibin furosesa na Intel iyakarsu digiri 100 ne ko kusa da haka. A ofishin da na'urar sanyaya ɗaki ta tsayar da zafi a kan 22, tazarar da ke tsakanin iskar ɗaki da wannan iyaka digiri 78 ce. A shagon da zafinsa ya kai 42, tazarar ta koma 58. Da wannan tazara ake fitar da zafi, don haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin sanyayawar ya tafi tun kafin a danna komai. Idan furosesa ya kusanci iyakarsa, ba ya jira ya ƙone. Da kansa yake rage gudu har ya huce. Shi ya sa kwamfutar da take tashi kamar tsuntsu da asuba take jan ƙafa da azahar, mai ita ya yi ta zargin ƙwayar cuta ko ɗan kasuwar da ya sayar masa.

Akwai wani abu kuma da kowane ɗan kabu-kabu ya sani: ƙarin gudu na ƙarshe shi ya fi shan mai. Haka furosesa yake. Kafin ya ƙara sauri sai an ƙara masa ƙarfin wuta, zafin kuma yana hauhawa fiye da yadda saurin ke ƙaruwa. Wannan katanga ce ta sa a 2004 Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai gudun gigahaz 4, masana'antar ta karkata ga haɗa ƙananan furosesa biyu ko huɗu a guntu ɗaya, kowanne yana gudu daidai wa daida. Manyan kamfanoni ma sukan yi tuntuɓe a nan. A Yulin 2018 masu gwaji suka nuna cewa sabuwar MacBook Pro mai i9, mafi tsada a jerin, tana rage gudu ƙwarai idan aiki ya yi nauyi. Apple ya ba da haƙuri, ya ce kuskure ne a manhajar da ke kula da zafi, ya fitar da gyara. Wannan fa a ɗakunan gwaji masu sanyi ya faru.

Wuni ɗaya a Gwandu

Na ga wannan lissafi da idona a wani watan Afrilu, lokacin da ni da abokin aikina mai ɗaukar bidiyo muka je Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, don haɗa rahoto a kan manoman rani. Tasa kwamfutar sabuwa ce, siririya, mai furosesa irin na manyan ayyuka. Tawa ta hannu ce, mai matsakaicin ƙarfi, ta rubutu da gyaran murya. Da hantsi muka gama hira da manoma, muka zauna a wani shago mai rufin kwano don mu haɗa rahoton mu aika kafin la'asar. Ba a jima ba fankarsa ta fara kuka kamar injin niƙa, madannan suka yi zafin da yatsa ba ya son daɗewa a kansu, ma'aunin da ke nuna saura minti nawa aikin ya ƙare ya riƙa ƙaruwa maimakon ya ragu. Aka ɗauke wuta, batirinsa ya kama zuba kamar ruwa a rariya.

Dattijon da ya sauke mu ya leƙo ya ga halin da ake ciki, ya ce, "Ku taho zaure, ɗiyana. Ranag ga ko jaki ba a aza mai kaya." Muka ce, "To, Baba," muka kwashi kayanmu. Zauren na ƙasa ne, mai kaurin bango, an rufa shi da azara. Irin wannan gini yana shan zafi a hankali, sai dare ya yi yake sakinsa, don haka da rana cikinsa yana da sanyi-sanyi. Muka ɗora kwamfutar a kan duwatsu biyu don iska ta ratsa ta ƙasanta, muka bar ta ta huce, sannan aka sake sa aikin. Ta gama kafin batirin ya mutu. Babu abin da ya canza a cikinta, ɗaki kawai aka canza mata.

Ba laifin ƙarfin furosesan ba ne shi kaɗai, domin aikin abokina yana buƙatar ƙarfi. Matsalar ita ce an cusa babban inji a ƙaramin jiki, aka kawo shi ƙasar da iskarta ba ta da rarar sanyin da za ta ba shi.

Harafin da ke bayan lamba

Abin da ya fi i5 da i7 faɗin gaskiya game da zafi shi ne harafin da ke ƙarshen cikakken sunan furosesa. A mafi yawan kwamfutocin da ke kasuwarmu, wanda sunansa ya ƙare da U an tsara shi ne a kan wat 15, wanda ya ƙare da H kuwa a kan wat 45. Ninki uku ke nan na zafi, da na shan batir idan aiki ya yi nauyi. Furosesan AMD Ryzen ma suna bin kusan wannan tsari na haruffa.

Sannan akwai zamanin da aka ƙera shi, wanda ake ganewa daga lamba ɗaya ko biyu na farko bayan ɗan layin. A nan ne masu sayen ta hannu, waɗanda ake saro wa daga Ikeja ko Farm Centre ta Kano, suka fi shan ciwo. Ga misali: i7-7500U, ɗan zamani na bakwai, ƙananan furosesa biyu ne a cikinsa, alhali i5-8250U, wanda ya fito a 2017 a zamani na takwas, yana da huɗu, kuma dukansu wat 15 aka tsara musu. Wanda ya ƙara kuɗi don ya riƙe i7 na farko ya sayi abin da bai kai i5 na biyu ba. Ga kuma batun manhaja: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zamani na takwas yake farawa, in ban da 'yan kaɗan.

Kada kuma gudun zafi ya jefa mutum ɗaya ramin. Kwamfuta mai rauni ƙwarai, irin mai Celeron da RAM gigabait 4 da tsohuwar ma'adana mai juyawa, kullum a ƙarshen ƙarfinta take aiki, sai ta haɗa wa mai ita nawa da ɗumi gaba ɗaya. Sau da yawa jinkirin da ake ɗora wa furosesa daga ƙarancin RAM da tsohuwar ma'adana yake. Ma'adanar SSD da RAM gigabait 8 zuwa 16 sun fi canza rayuwar mai rubutu da bincike a intanet fiye da tsallakawa daga i5 zuwa i7.

Ƙura, batir da wuta

Yanayinmu yana da wata jerantawa da ta saɓa wa kwamfuta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da ƙura, fanka tana zuƙarta, tana taruwa a bakin siraran ƙarafan nan har ta zama kamar auduga. Lokacin ana sanyi, babu wanda ya lura. Da bazara ta shigo sai ta tarar da hanyar iska a toshe. Don haka ƙarshen Fabrairu ne lokacin kai laftof wurin mai gyara ya buɗe ta, ya share ƙurar, in ta yi shekaru ya sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da jan ƙarfen, domin yakan bushe.

Furosesa yana iya kare kansa, batir ne ba shi da wannan gata. Zafi yana cinye ƙarfinsa ba tare da ya dawo ba, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga wurin goga yatsa ko ya buɗe bakin akwatin. Batirin da ya kumbura haɗari ne, a daina caji, a canza shi. Yadda muke samun wuta kuma yana ƙara tsananta lamarin: da an kawo ta ko an tayar da janareta, sai a jona caji a kuma sa aiki mai nauyi a lokaci guda, zafin caji ya haɗu da zafin aiki. Wanda ke kan sola da inbata ma yana da nasa lissafin, domin caja mai wat 45 ko 65 da mai wat 150 ba ɗaya suke ga batirin gida ba.

Sauran abubuwan ba sa cin kuɗi. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, domin ta ƙasa take shan iska. Kada a bar ta a mota a rana. A ɗaga bayanta kaɗan. A tsarin wuta na Windows a zaɓi yanayin tattalin batir idan rubutu ake yi, zafin zai ragu sosai kuma ba za a ji bambancin gudu ba. Aiki mai nauyi, irin haɗa bidiyo, a bar shi sai bayan asuba ko da dare.

To, wace za a saya?

Lokacin da ƙanwata, ɗiyar baffana, ta samu gurbi a Kalgo, ta kira ni ta ce, "Yaya, an ce in ba i7 ba ce kada in karɓa." Na tambaye ta aikin da za ta yi da ita: rubutu, karanta takardu, lissafi a Excel, darasi ta intanet. Na ce ta nemi i5 ko Ryzen 5 mai harafin U, daga zamani na takwas zuwa sama, mai SSD, rarar kuɗin kuma ta ƙara RAM da sabon batir. Wannan ita ce amsar mafi yawan malamai da ma'aikatan ofis da lauyoyi da 'yan jarida irina.

Ɗalibin zanen gine-gine da injiniya da mai haɗa bidiyo suna buƙatar H, kada a hana su. Sharaɗin shi ne su yarda da nauyi: su nemi mai kauri, mai fanka biyu da manyan kafofin iska, su haƙura da siririya mai ƙayatarwa. Mai kauri da aka yi wa sanyaya ta kirki takan fi siririya mai ƙaramin furosesa sanyi ma, domin tana da inda za ta zubar da zafinta. Wanda aljihunsa ya kai, MacBook Air mai guntun M1, wadda ta fito a Nuwamban 2020, ba ta da fanka ko ɗaya, wato ba ta zuƙar ƙura, kuma wuta kaɗan take sha. Sai dai a yi tunanin wanda zai gyara ta a kusa idan ta samu matsala.

Kowacce aka zaɓa, a gwada ta kafin a biya. Minti biyu na farko ba sa nuna komai, domin kowane furosesa yana iya sukuwa na ɗan lokaci kafin zafi ya taru. A je shagon da azahar, a buɗe bidiyo da shafuka da yawa, a bar ta ta yi minti ashirin, a sa kunne ga fanka, a sa hannu a bakin kafar iska a ji ko iskar tana fita da ƙarfi. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji, a yi masa sallama a leƙa shago na gaba.