Agogon da ya kamata mu fara saya

Mu uku ne, wa da ƙanne a Agege, muka haɗa kuɗi muka sayi wata Subaru WRX tokunbo mai turbo. Sha'awa ce irin ta samari, ba mu ɓoye wa kowa ba. Bayan wata biyu muka sa aka taɓa kwamfutarta domin turbo ya riƙa tura iska fiye da yadda aka tsara masa, aka canza salansa. Mota ta ƙara ƙarfi, mu ma muka ƙara rawar kai.

Agogo ɗaya muka ƙara mata, na turbo, mai shuɗiyar wuta. In an taka totur allura ta yi tsalle, abokai su yi ihu. Don wannan kawai muka saye shi.

Ranar wata Asabar muka kama hanyar Ibadan, za mu ɗaurin aure a Sabo. Mun wuce Sagamu kaɗan jar fitilar baƙin mai ta kama. Kafin Yaya ya gangara gefen titi injin ya fara ƙwanƙwasa. Allurar zafi tana tsakiya abinta, agogonmu mai shuɗiyar wuta yana ta haske. Ba mu ga ɗaurin aure ba, janwe ya dawo da mu Legas. Kuɗin gyara kuwa daga abin da muka ware na hayar shagon autanmu ya fito. Har yau in an tuna, Yaya shiru yake yi.

Laifin namu ne. Baƙin mai ya ragu ba mu duba ba, zafin gudu ya tsinka sauran, ƙarafan cikin injin suka ci juna. Dattijon makaniken da ya buɗe shi ya dube mu ya ce, “Yarana, jar fitilar nan ba ta kama sai aski ya zo gaban goshi.” Ya ce a motoci da yawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar take kamawa, alhali injin da ke gudu yana son ninkin haka sau da yawa. Allurar zafi ma an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin yana hawa yana sauka, don kada hankalin direba ya tashi. Wannan ya ishi motar da ba a taɓa ba. Tamu mun taɓa ta.

Da muka tashi sayen agogo karo na biyu, sai muka fara da abin da ke saurin kashe injin. Na farko agogon ƙarfin baƙin mai. Makanikai suna da ƙiyasi: kusan psi 10 ga kowane juyi 1,000 na injin a minti. In allura ta sauka ƙasa da inda ta saba a gudu iri ɗaya, a tsaya. Na biyu zafin baƙin mai: digiri 90 zuwa 110 lafiya ne, in ya doshi 130 a sassauta ƙafa. Gosulon Legas da rana tsaka kaɗai ya isa ya nuna amfaninsa. Na uku mai auna haɗin iska da fetur. A tafiya ta hankali yana zama wajen 14.7, amma in turbo ya buɗe ana son ya sauko wajen 11 zuwa 12. In ya tsaya sama, fetur ya yi kaɗan, zafi na iya narka fistin. Agogon turbo, wanda muka fara saya, shi ne ya zo na huɗu.

Mun koyi wasu abubuwa a zagayen Ladipo da wajen mai rewaya. Agogon mai iri biyu ne. Akwai wanda ake jawo siririn tiyo ɗauke da mai har cikin mota, in ya tsage zazzafan mai a ƙafarka. Akwai na lantarki, na'urar aunawa tana jikin injin, waya kawai ke shigowa. Na lantarki muka ɗauka. A kula da zaren dunƙulewa: injinan Japan da yawa zarensu BSPT ne, agogon Amurka kuwa NPT, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. In aka tilasta, mai zai riƙa tsiyaya, sai a nemi mahaɗi. Girman da aka fi samu milimita 52 ne ko 60. Sunaye irin su Defi da AEM da AutoMeter sanannu ne, shi ya sa ake yin jabunsu, arha mai yawa abin zargi ce. 'Yar na'urar da ake soka wa a ramin OBD2 tana nuna zafin ruwa na gaskiya a waya, amma a irin motarmu ba ta ganin ƙarfin mai.

Mun kuma zaɓi masu ƙara idan lamba ta wuce iyaka, domin mai tuƙi a titin Ibadan tsakanin tireloli ba shi da idon kallon allura huɗu. Muka jera su kusa da sitiyari.

Duk wanda zai ƙara wa injinsa ƙarfi a cikinmu, ya ware kuɗin agogon mai tun kafin ya biya mai kwamfuta. Mu yanzu kowace Asabar autanmu ne ke zare sandar duba mai kafin a tayar da mota, ba ya yarda wani ya yi. Allah ya tsare mana hanya, amin.